Warin Gas a Mazarƙwailar Lado

Kudan, Nuwamba 1955

Zuwa ga taubashina Ashafa, mai kula da injin jirgin ruwa a Baro.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da iyali, da aikin ruwa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Yaya Hajo tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma cin kasuwa. Kwanan baya na je suna a Paki, na leƙa gidanku. Katangar gabas ta zube da damina amma an ɗaga ta. Tsofaffi suna ta tambayarka, na ce musu ka zama kifi, ba ka iya zaman tudu.

Bayan haka, maganar tsohon injin jirginku ce, wanda kake kira Dattijo. Tun ranar da ka sa aka ɗoro mini shi a jirgin ƙasa muka sauke shi a tashar Likoro, bakina bai rufu ba don murna. Sani maƙeri ya je Sabon Garin Zariya ya samo bel da ƙarafa masu haƙora, ya kafa shi a bakin fadama, har ya riƙa juya ƙarfen matsar rake wanda a da doki ke zagayawa da shi. Ranar da ya fara tashi, har daga Hunƙuyi mutane suka zo kallo. Don tsabar yarda da shi na sayar da dawakina biyu. Tukur ne ya saya, maƙwabcina na ƙasan fadama, shi ma mai matsar rake ne. Ba ka san shi ba, kuma ba ka yi asarar komai ba. Da zai ja dawakin ya ce in na gaji da wasa in zo ya ara mini su.

To ga abin da ya same ni. Bututun hayaƙinsa, wanda ka ce sunansa salansa, yana zubar da wani baƙin ruwa mai maiƙo. Yana ɗiga ta gindi, yana kuma fesowa ta baki tare da hayaƙi, iska ta kwaso ta yayyafa a kan kaskon da muke dafa ruwan rake. Da ido ba ka ganin komai sai ɗan ɗigo-ɗigo a bisa kumfa, muna kwashewa, na ɗauka shi ke nan. Sai da Yaya Hajo ta zo ɗaukar mazarƙwailar da za ta kai kasuwar Makarfi. Ta ɗauki curi ɗaya ta kai hanci, ta ajiye, ta goge hannunta a zane. Ta ce, "Lado, mazarƙwaila ka dafa ko fitila?" Ta ce shekara da shekaru mutanen Makarfi da Ikara suna sayen kayanta ido rufe, ba za ta kai musu wannan ba ko da kyauta ne.

Raken bana kuwa ban taɓa yin irinsa ba, yana nan tsaye ya ƙosa. In zafi ya shigo ban matse shi ba zai bushe a tsaye, noman shekara ya tafi a banza, ga shi ba ni da doki. Kai ka san cikin wannan tsoho, ka faɗa mini abin da ke damunsa. Ka ce in riƙe shi amana, kuma Allah ya sani ina riƙe.

Ka ba gadin jirgin ƙasa amsa, ya san inda zai ajiye mini a Likoro.

Naka, Lado, wanda ba bawan kowa ba ne sai Allah.

*

Baro, Disamba 1955

Zuwa ga bawana Lado.

Na ga yadda ka rufe takardarka, na yi dariya. Kakana namiji ne, kakarka ƙanwarsa. Je ka tambayi duk wanda ka ga dama a ƙasar Zazzau, ya gaya maka wane ne ubangida tsakanin ɗan namiji da ɗan mace.

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Muna lafiya, sai dai yaran sun ɗan yi mura ta wuce. Na gode da ka leƙa mini gida. Kogin Kwara ya fara ja da baya. Sabon injin da kamfani ya sa mana yana gudu, ban musa ba, amma ba shi da magana. Dattijo kuwa ko ina gyangyaɗi, in ya canza murya na san abin da yake so.

Da fari ka gano wane mai ne yake zuba. Mai biyu ne a jikinsa, akwai baƙin mai da ke cikin cikinsa mai sa ƙarafa santsi, akwai gas da yake sha. Tari ɗigon a yatsa ka murza ka shinshina. In kauri gare shi yana yauƙi, baƙin mai ne, to magana ta yi nisa. In tsinkakke ne yana warin gas, baƙin da ka gani kunkunniya ce kawai ta rina shi. Ka kuma riƙa zaro sandar gwajin baƙin mai da safe ka ga ko yana raguwa.

In gas ne, ke nan yana shiga ciki ya fito bai ƙone ba. Wanda na fi zargi shi ne nozul. Su biyu ne a bisa kansa, kowace tukunyar ƙona gas da nata, su ke fesa gas a ciki. Sa Sani ya kwance ɗaya da sifanar da na sa maka a akwati, ya mayar da shi jikin bututun gas ɗinsa a waje, bakinsa na kallon ƙasa, kai kuma ka juya hannun tayarwa. Lafiyayye yana fesawa kamar mai guga in ya guntsi ruwa ya fesa wa riga, sai ya tsaya cak. Mai ciwo dalala yake yi. Kada wanda ya kai hannu gaban feshin nan, yana huda fata, na san wanda ya rasa yatsa a haka. In ka ga kunkunniya ta daskare a bakinsa, a jiƙa shi cikin gas a kankare da tsinken itace. Itace na ce. Na san halin maƙera, kana juya baya zai ɗauko magagari.

Sai kuma ka ji nauyin hannun tayarwa. In kana juyawa yana turo ka baya kamar zai karya maka hannu, ƙarfinsa yana nan.

Kafin duk wannan, ka kawar da bakin salansa daga wajen kasko. Wannan kam ban ɗauka sai an rubuto maka daga Baro ba.

Ka gaishe da Yaya Hajo, ka ce mata da a nan take da kamfani ya ɗauki hancinta aiki.

Ubangidanka, Ashafa.

*

Kudan, Disamba 1955

Zuwa ga Ashafa, ubangidan kifaye.

Gaisuwa da fatan yaran sun warware sarai. Mu ma lafiya. Sanyi ya sauka a fadama sosai, da asuba sai mutum ya daure yake taɓa ruwa.

Na yi duk abin da ka ce. Gas ne, tsinkakke, warinsa har cikin kai. Baƙin mai yana nan inda yake, bai ragu ba. Hannun tayarwa kuwa ba sai ka tambaya ba, ya taɓa wurgar da Sani cikin tarin tuƙar rake, har yau in zai juya sai ya yi bisimilla sau biyu.

Mun kwance nozul. Dukansu biyu bakinsu ya daskare da kunkunniya, na kusa da bel ma dalala yake yi kamar yadda ka faɗa. Na zauna a kan Sani har ya gama kankarewa da tsinke, magagarinsa kuwa a aljihuna ya wuni. Muka gwada, feshi ya yi kyau ƙwarai. Muka mayar, ya tashi, ɗiga ta ragu. Na koma gida ina ta shi maka albarka, har na sa aka yanka zakara.

Ashe na yi saurin yanka zakarana. Kafin kasuwa ta zagayo ɗiga ta dawo kamar da. Muka sake kwancewa, sai ga kunkunniya ta sake taruwa kamar ba a taɓa kankare ta ba.

Maganar salansa kuma, na samo doguwar gora na fafe ta, na zura a bakinsa ta kai hayaƙin can bayan rumfa. Dabara ce mai kyau, ko babbakewa gorar ba ta yi ba, kana iya riƙe ta da hannu yana aiki. Amma da la'asar iska takan juya, ta dawo mana da hayaƙin kan kasko. Yaya Hajo ta sake zuwa. Wannan karon ko hanci ba ta kai ba, daga bakin rumfa ta juya. Ta ce ta je Ikara hannu wofi, masu sayenta suna tambaya ko ƙanenta ya daina noma ne.

Na dakatar da yanka. Ba zan ci gaba da dafa abin da ko yara ba sa roƙo ba. Ka yi sauri ka rubuto.

Lado.

*

Kudan, Janairu 1956

Ashafa, gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Na yi ta zarya Likoro har gadi ya fara ɓoye mini fuska.

Ganyen raken ya fara bushewa daga ƙasa. Jiya na karya ɗaya daga gefen tudu, ruwansa ya ragu, ba sai an gaya mini ba.

Tukur ya zo har gida. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar baƙona na Baro, ko hawayen sun tsaya. Ya ce shi mutum ne mai tausayi, zai matse mini rakena da dawakinsa, wato dawakina. Sharaɗinsa biyu. Mazarƙwailar za ta shiga kasuwa da sunansa, kuma ni da kaina zan riƙa bin bayan doki da tsumagiya, aikin da yara ke yi. Na ce masa zan yi shawara. Da ya fita na kasa cin tuwo.

In ka gaji da ni ne ka faɗa. In kuwa Dattijo mutuwa zai yi, wannan ma ka faɗa, zan iya ɗauka.

Lado.

*

Baro, Janairu 1956

Lado, gaisuwa. Lafiya ƙalau nake. Mun tafi Lokoja, a hanyar dawowa jirgi ya hau yashi saboda ƙarancin ruwa, muka yi ta kwana a tsakiyar kogi muna cin kifi ba gishiri. Jiya na iso na tarar da takardunka biyu, na karanta su a tsaye.

Dattijo ba mutuwa zai yi ba. Injin da ke wurgar da maƙeri bai kusa mutuwa ba. Amma nozul da aka kankare ba ya sake toshewa da wuri haka sai da dalili, kuma dalilin daga wajenka yake. Ni ban taɓa ganin ya yi wannan ɗigar ba duk zamanmu tare. Ina jin ɗayan biyu ne. Ko dai gas ya yi maka wuyar samu kana sirka masa da kananzir da ruwan gindin duro, ko kuwa ka mai da shi jakin gari, kana dura masa rake ba dare ba rana har ya shaƙe. Na san ku manoma, abin da ba ku haifa ba ba ku tausayinsa.

Na roƙi wannan injin daga hannun Bature lokacin da za a jefar da shi bayan shago, don ba zan iya ganin tsatsa tana cin sa ba. Na aiko maka da shi don na ɗauka za ka riƙe shi kamar naka. Ka rubuto mini gaskiyar yadda kake aiki da shi daga safe zuwa yamma, kada ka rage komai.

Ashafa.

*

Kudan, Janairu 1956

Zuwa ga Ashafa.

Gaisuwa. Mun gode Allah da ya fitar da ku daga yashi.

Maganarka ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Wasa tsakaninmu gado ne, amma wannan ba wasa ba ne. Ni ne mara tausayi? To saurara ka ji.

Gas ɗinsa daga Zariya nake sayowa, ni da kaina nake tace shi da farin ƙyalle kafin ya sha. Kananzir ko kusa da rumfarsa ba ya zuwa. Rumfar ma na kewaye ta da zana, in an tashi aiki ina rufa masa tsohon bargona.

Sandar nan ta ba shi wuta mai tsaga huɗu, tun da ya zo ban taɓa wuce tsagar farko ba. Sani ya sha cewa a ƙara, na ce in ya taɓa sai na karya masa hannu. Rake kuwa ɗaya-ɗaya ake ba shi, mai kauri ma sai an tsaga shi biyu. Da kasko ya cika sai in sauke masa bel, in bar shi yana numfashi a hankali ba kaya har a gama dahuwa, don na ga tashi yana ba shi wuya, ba na son in yi ta kashe shi ina tayarwa. In ka lissafa, hutunsa ya fi aikinsa yawa.

Ruwa kuma, ka ce a jirgi ruwan kogi yake sha ya fitar, ka ce in kafa masa duro. Na ga ruwan duro yana ɗumi, raina bai so ba. Sai na haƙa masa lambatu daga idon ruwan fadama, mai sanyi ƙarara, yana shiga ta nan yana fita ta can. Ka taɓa jikinsa da tsakar rana, kamar ka taɓa randa.

Haka ubana ya koya mini aiki da doki. Ba a matsa masa, in ya fara gumi a kwance shi a ba shi ruwa, tsoho kuma a rage masa kaya. Dawaki nawa suka tsufa a hannuna, ba wanda ya taɓa gurguncewa. Kai ka rubuto da hannunka cewa tsoho ne, ya sha wuya a ruwa, in riƙe shi amana. Da me zan riƙe shi wanda ya wuce haka? Ko ubana ne iyakar abin da zan yi masa ke nan.

Na gaya wa Tukur ya ba ni zuwa kasuwa ta gaba. In ba wata dabara, zan ɗauki tsumagiya, don ba zan bar rake ya mutu saboda girman kaina ba.

Lado.

*

Baro, Janairu 1956

Zuwa ga ɗan'uwana Lado.

Ka yafe mini don Allah. Na zarge ka da mugunta, ashe kirki ne ya yi maka yawa. Na karanta takardarka a bakin kogi, na yi dariya har matuƙin jirgi ya zo ya ga ko lafiya. Da na karanta masa wurin bargo, shi ma sai da ya zauna a ƙasa.

Lado, jinyarka ce ciwonsa. Dattijo ba doki ba ne. Ba shi da wani abin kunna wuta a cikinsa, zafin matsi ne kaɗai ke ƙona gas. In jikinsa ya yi sanyi, ga gudu kaɗan, ga ba kaya, sai rabin gas ya ƙone rabi ya tsere ta salansa, ragowar ya daskare a bakin nozul. A nan kwale-kwalen gyaɗa da gishiri yake ja, yana gaba da ruwa, daga hantsi har magariba, jikinsa ba ya taɓuwa. Shi ya sa ban taɓa ganin wannan ɗigar ba, kuma shi ya sa ban gane ta ba. Da na natsu, tun da ka ce gora tana zaune lafiya a bakin salansa ya kamata in farga. Salansar injin da ke aikin kirki kara ma kunnawa take.

Ga abin da za ka yi. Toshe lambatun nan ka mayar da duro, ruwa ɗaya ya yi ta zagayawa har ya kai in ka tsoma hannu ba za ka iya barinsa ciki ba. In ya fara tafasa ka ƙara masa kaɗan. Cire gora. Sake kankare nozul. Kwashe tuƙar rake da zanan nan da bargonka ka kai su nesa, ka tanadi yashi da ruwa a kusa. Sa sanda a tsaga ta uku, a dura masa rake cike da baki. In ba aiki a kashe shi, kada a ƙara barinsa yana numfashin banza.

Da farko zai ba ka tsoro. Duk man da ya taru a salansa ƙonewa zai yi, za ka ga hayaƙi da tartsatsi. Kada ka kashe shi. Na sake faɗa, kada ka kashe shi, sai hayaƙin ya washe da kansa.

Yanzu ga mai wuyar. Ƙarfen matsa ɗaya aikin doki ɗaya ne, Dattijo kuwa ya fi ƙarfin dawaki goma. Ko ka cika bakin ƙarfenka bai isa ya sa shi gumi ba. Dole a haɗa masa ƙarfe na biyu, su yi aiki tare. Wa ke da ƙarfen matsa kusa da kai? Ka rubuto mini sunansa da hannunka, ba sai na faɗa ba.

Allah ya ba ka haƙuri. Ka tafi da goro mai kyau.

Ashafa.

*

Kudan, Fabrairu 1956

Zuwa ga taubashina Ashafa.

Gaisuwa mai tarin yawa. Kowa lafiya, sai gajiya, irin wadda ake so.

Da na karanta takardarka na so in yaga ta. Na kai wa Yaya Hajo ƙara, ta ce, "To me kake jira? Ƙafarka ce ke ciwo ko bakinka?" Na sayi goro na nufi gidan Tukur. Tafiyar ba nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba.

Na same shi a zaure. Muka yi gaisuwa har ta ƙare muka sake sabuwa. Ya ɗauka tsumagiya na zo karɓa, har ya ajiye ta kusa da shi. Na ce masa injina ƙarfi ne ya yi masa yawa, ƙarfena bai ishe shi ba, ina so ya kawo nasa a haɗa. Ya yi dariya har ya sarƙe da goron da na kawo masa. Da ya farfaɗo ya ce, "Wato roƙona ka zo yi." Na ce, "Roƙonka na zo yi, Tukur." Sai dariyar ta tsaya. Ina jin gardama ya shirya, bai kuwa samu ba. Ni kuma na san nasa raken ma ya fi ƙarfin dawaki biyu, amma ban tona masa ba. Can ya ce in turo Sani. Ya ce amma in abin ya fashe da ƙarfensa, ni da bin doki har in mutu.

Sani ya sha aiki kafin ya haɗa su. Ranar gwaji, da hantsi, duk ƙasan fadama ta hallara. Muka tayar, na tura sanda tsaga ta uku, aka fara dura rake ta baki biyu. Ashafa, ka ce zai ba ni tsoro, ba ka faɗi rabi ba. Ƙasa ta ɗauki rawa. Hayaƙi ya turnuƙe har ba na ganin kasko, salansa tana aman tartsatsi tana harbi kamar bindigar maharba. Masu kallo suka watse. Tukur ya faɗa cikin rake da gudu ya bar hularsa da takalmi ɗaya. Ni kuwa tausayi ya kama ni, na ce wallahi kashe tsohon nan muke yi, na kai hannu zan ja sanda. Sai na ji an riƙe mini hannu. Yaya Hajo ce, ta toshe hanci da gyale, idonta na hawaye. Ta ce, "An ce maka kada ka kashe."

Muka tsaya haka ni da ita. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji muryarsa ta canza, ta daina tari ta zauna daram, har cikin ƙirjina nake jin ta. Hayaƙi ya yi ta raguwa har ya zama sai ka ƙura ido kake ganinsa. Na tsoma hannu a duro na fizge. Na duƙa na leƙa gindin salansa, a bushe ƙamas.

Ruwan rake kuwa ya yi ta kwarara har kasko ya kasa, sai da muka aro na Tukur da na wasu. Da kaskon farko na bayan washewar hayaƙi ya daskare, Yaya Hajo ta ɗauki curi ta kai hanci. Ta daɗe. Ta ɓalla ta shinshina cikinsa, ta sa a baki. Sai ta jawo kwandonta ta fara jerawa. Da ta cika ta ɗago ta ce wa masu dahuwa su ƙara wuta, Ikara ma suna jira.

Raken gefen tudu kaɗan ya lalace, sauran mun kusa gamawa, nawa da na Tukur. Shi kuma yana nan yana gaya wa mutane a kasuwar Makarfi wai shi ya ba ni shawarar a haɗa. Na bar shi, don yanzu shi ke fara zuwa da safe ya cika duro.

Ga 'yan curi-curi nan a ƙunshe na ba gadi, daga kaskon farko ne. Ka ɗanɗana aikin tsohonka.

Naka, Lado. Bawa na yini ɗaya, kada ka saba.

*

Baro, Maris 1956

Zuwa ga Lado.

Gaisuwa da barka. Alhamdu lillahi. Ka gaishe da Yaya Hajo gaisuwa ta musamman, ka gaishe da Tukur, ka ce ina masa jajen takalmi.

Ƙunshi ya iso lafiya. Yara sun yi masa caa, matuƙi ya ɗauki biyu ya ce ɗaya na matarsa ne, alhali matarsa tana Bida. Kowa ya ce bai taɓa shan irinta ba. Na ɓoye curi ɗaya na tafi da shi bakin kogi ni kaɗai.

Na shinshina bayansa. Na ɓalla na shinshina cikinsa. Na farfasa shi ƙanana a tafin hannu na sake kai hanci. Ba komai sai rake da wuta. Ka gaya wa Yaya Hajo ta kai kasuwa hankali kwance, in ni ban ji gas ba, ba mahalukin da zai ji.

Amma in gaya maka gaskiya, nemansa nake yi. Tun ina saurayi nake kwana ina tashi da warin tsohon nan a rigata, uwar yara har ta daina faɗa. Tun da aka ɗora shi a jirgin ƙasa rigunana suka zama na kowa. Na ɗauka ko ɗan kaɗan ne zai biyo mazarƙwailar ya zo mu gaisa. Da ban ji ba na yi murna, Allah ya sani, sai kuma na ji ƙwalla ta cika mini ido ina zaune kamar wawa da zaƙi a hannu.

Ina roƙon abu ɗaya. Tsumman da kake goge masa jiki in an tashi aiki, kada ka wanke. Naɗe shi a takarda ka ba gadi.

Naka, Ashafa.